BABI NA UKU: TASIRIN BUSHEWAR ISKA A KAN ƘANANAN TSIRRAI A WURAREN RENON IRI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayanin ƙasashen Gusau da Tsafe da Bunguɗu, tare da irin amfanin gonar da ake nomawa a cikinsu damina da rani. A wannan babi kuwa za a dubi matsala guda ɗaya wadda ke addabar masu noman rani tun kafin su kai ga dashe, wato lalacewar iri a wurin reno. Tumatir da tattasai da attarugu da albasa duk ba a cika shuka su kai tsaye a fangali ba. Ana fara yafa irinsu ne a wani ɗan fili ƙarami, a rene shi na wasu makonni, sannan a cire a dasa. Akasarin wannan reno yana faɗowa ne tsakanin watan Oktoba da watan Disamba, daidai lokacin da damina ta ɗauke, hunturu kuma yake kankama.

Idan iri ya lalace a wannan mataki, asarar ba ta tsaya ga kuɗin irin kawai ba. Manomi zai sake sabon reno, ya yi jinkirin wata guda ko fiye, wanda hakan kan tura furen tumatirinsa cikin zafin bazara, lokacin da fure ke kakkaɓewa ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Manoma kan bayyana wannan matsala da cewa sanyi ya kama iri, ko kuma hunturu ya ƙone shi, maganin da aka fi garzayawa gare shi kuma shi ne ƙara ban ruwa. Abin da wannan babi zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a mafi yawan lokuta ba ƙasar ce ta bushe ba, iskar da ke kewaye da tsiron ce ta bushe, kuma waɗannan abubuwa biyu ba maganinsu ɗaya ba.

3.1 Yanayin Yankin a Lokacin Reno

Gusau ita ce hedikwatar Jihar Zamfara tun daga 1996, lokacin da aka cire jihar daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa ta Gusau ya bi ta Bunguɗu kafin ya isa madatsar ruwa ta Bakalori, kuma a gefensa ne fadamun da aka fi yin noman rani suke. Ƙasar Tsafe kuwa ta fi yawan duwatsu da ƙananan ƙoramu, saboda haka masu garka a can sun fi dogara ga rijiyoyi da ruwan da ya kwanta bayan damina. Ruwan sama a yankin yakan sauka ne daga wajen watan Mayu ko Yuni zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba.

Da zarar damina ta ja baya, sai iskar da ke kaɗowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma ta janye, wata iskar kuma ta maye gurbinta daga arewa maso gabas. Wannan iska ta biyu ta ratso Hamadar Sahara ne, ba ta bi ta kan wani babban ruwa ba, shi ya sa take zuwa a bushe. Ƙurar da take ɗauke da ita, wadda ake kira hazo, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. A watan Agusta laimar iska takan haura kashi 80 cikin ɗari da safe, amma a watannin Janairu da Fabrairu takan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, wani lokaci har ta kusanci kashi 10. Wannan shi ne dalilin fasau da tsagewar leɓe da bushewar wanki cikin ɗan lokaci.

Dangane da tarihin ban ruwa kuwa, a da da jigo ake ɗebo ruwa, mutum ɗaya kuma ba ya iya shayar da fili mai yawa. A 1975 aka soma shirin bunƙasa aikin gona na Gusau da taimakon Bankin Duniya, wanda yana cikin irinsa guda uku na farko a Nijeriya tare da na Funtuwa da na Gombe. Daga baya shirin Fadama na shekarun 1990 ya yaɗa 'yan rijiyoyin burtsatse marasa zurfi da ƙananan injinan ban ruwa masu amfani da fetur. Waɗannan shirye-shirye sun sauƙaƙa kai ruwa ga ƙasa ƙwarai da gaske. To amma inji ba ya jiƙa iska, har ma ana iya cewa sauƙin samun ruwa ya ƙara wa wasu manoma ɗabi'ar malale wurin reno da ruwa duk lokacin da suka ga ganye ya yi yaushi.

3.2 Ma'anar Laimar Iska

Iska tana ɗauke da ruwa a matsayin tururin da ido ba ya gani, kuma akwai iyakar abin da za ta iya ɗauka. Wannan iyaka ba tsayayya ba ce, tana ƙaruwa ne gwargwadon ɗumin iskar. Domin a fahimci wannan, a ɗauka an sami akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya, wanda babu komai a cikinsa sai iska. Idan zafin iskar digiri 15 ne a ma'aunin Salshiyas, iyakar ruwan da za ta riƙe shi ne kimanin giram 13. A digiri 30 za ta riƙe kimanin giram 30, a digiri 40 kuwa kimanin giram 51. Abin da ake kira laimar iska a lissafin kashi cikin ɗari shi ne kwatanta ruwan da ke cikin iskar a zahiri da wannan iyaka.

Alal misali, a ɗauka da asubahin wata rana a cikin Janairu zafin iska digiri 15 ne, akwatin kuma yana ɗauke da giram 5 na ruwa. Laimar iska ke nan ta kai wajen kashi 40, giɓin da ya rage kafin iskar ta ƙoshi kuma giram 8 ne. Idan rana ta take zafi ya kai digiri 30, ruwan da ke cikin iskar bai ƙaru ba, yana nan giram 5, amma laima ta faɗo zuwa wajen kashi 17, giɓin kuma ya zama giram 25. A watan Maris, idan zafi ya kai digiri 40 da wannan giram 5 ɗin dai, giɓin ya zama giram 46. In aka kwatanta da wata rana a cikin Agusta mai zafin digiri 30 da laima kashi 70, giɓin bai wuce giram 9 ba.

Wannan giɓi shi ne ainihin abin lura, domin shi ne ƙishirwar iska, kuma gwargwadon girmansa gwargwadon yadda iska ke zuƙe ruwa daga duk wani abu mai danshi da ta taɓa. Masu noman tumatir a gidajen gilashi na ƙasar Holan sukan yi ƙoƙarin tsayar da wannan giɓi tsakanin giram 3 zuwa 7. Ke nan ɗan tsiron da ke wurin reno a fadamar Bunguɗu da azahar ɗin Janairu yana fuskantar ninki uku ko fiye na abin da ake ganin ya dace da shi.

Ana iya auna laima ba tare da na'ura mai tsada ba, ta hanyar rataye ma'aunin zafi guda biyu a inuwa, a naɗe gindin ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan ƙyallen yana bin iska, yana sanyaya ma'aunin. Idan busasshen ya nuna 30 jiƙaƙƙen kuma ya nuna 26, laima tana wajen kashi 70. Idan kuwa jiƙaƙƙen ya sauka har 15, to laima ba ta kai kashi 20 ba. Wannan dai shi ne sirrin sanyin ruwan randa a lokacin hunturu, kuma a kansa ne Malam Muhammad Bah Abba na Jihar Jigawa ya gina dabararsa ta sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, wadda ta sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

3.3 Yadda Tsiro ke Asarar Ruwa

A jikin ganye, musamman ta ƙarƙashinsa, akwai 'yan ƙananan ƙofofi dubbai waɗanda ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma. Ta waɗannan ƙofofi ne tsiro ke shaƙar iskar kabon, wadda yake haɗawa da ruwa da hasken rana ya sarrafa abincinsa. Cikin ganye kuwa a jiƙe yake sharkaf a kowane lokaci. Saboda haka duk sa'ar da ƙofar ta buɗe domin iskar kabon ta shiga, tururin ruwa zai fita ta wannan ƙofa. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na ruwan da saiwa ta tsotso ta nan yake ficewa, ɗan abin da ya rage ne kawai ke shiga ginin jikin tsiron.

Tun a 1724 wani malamin coci Baturen Ingila mai suna Stephen Hales ya gwada wannan al'amari ta hanyar auna nauyin wata shuka mai faffaɗan ganye da ke cikin tukunya safe da yamma. Ya gano cewa a yinin da ke da ɗumi da bushewa takan rasa fiye da rabin lita na ruwa, da dare kuwa in akwai raɓa kusan ba ta rasa komai. Wannan fitar ruwa ba ɓarna ce zalla ba. Ita ce ke jawo ruwa daga saiwa zuwa sama kamar yadda lagwani ke jawo kananzir, ita ce ke ɗauko sinadaran taki irin su kalsiyam ta kai su ga ganye, haka kuma ita ce ke sanyaya ganyen kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum.

Matsala tana tasowa ne idan abin da ke fita ya fi abin da saiwa ke iya kawowa. A nan tsiro yana da mafita guda ɗaya, wato ya tsuke ƙofofinsa. In ya tsuke su ya tsira da ruwansa, amma ya toshe hanyar shigar iskar kabon, sarrafa abinci ya tsaya, ganyen kuma ya ɗauki zafi tun da babu abin da ke sanyaya shi. In kuma ya bar su a buɗe sai ya yi yaushi. Wannan shi ne gaba kura baya sayaki. Tsiron da ke shafe sa'o'in da hasken rana ya fi ƙarfi da ƙofofinsa a tsuke, kullum har tsawon makonni, ba lallai ne ya mutu ba, amma zai tsumbure. Shi ya sa ake ganin irin da ya kamata ya isa dashe a mako huɗu ya kai mako shida bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, alhali ba a taɓa fasa ba shi ruwa ba.

Har wa yau akwai rawar da kaɗawar iska ke takawa. Idan iska ta tsaya cik, tururin da ya fito daga ganye yakan taru a kewayensa ya zama kamar wani siririn mayafi mai danshi, wanda ke rage saurin fitar wani ruwan. Iskar hunturu kuwa ba ta barin wannan mayafi ya zauna, tana share shi tana kawo sabuwar busasshiyar iska a kai a kai.

3.4 Dalilin da ya sa Ƙaramin Tsiro ya fi Cutuwa

Babban tumatirin da ya kafu yana da saiwar da ta nutsa cikin ƙasa sosai, yana da kauri a jikin ganye, kuma ganyayensa suna yi wa juna inuwa. Ɗan tsiro ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Haɗarin ma yana farawa ne tun kafin ya huda ƙasa. Irin tumatir da na albasa ƙanana ne, ba a binne su fiye da zurfin santimita ɗaya ko biyu, wannan sashe na ƙasa kuma shi ne farkon bushewa, a cikin 'yan sa'o'i kaɗan. Busasshen iri yana iya jure zama ba ruwa na tsawon watanni, amma irin da ya sha ruwa ya fara fitar da saiwa, in ya sake bushewa ya mutu ke nan. A ƙasa mai laka kuwa saman yakan yi ɓawo mai tauri bayan an yi ban ruwa rana ta doke shi, ɗan tsiron ya kasa fasa shi.

A nan ne ya kamata a yi wa manoma adalci a kan maganarsu ta sanyi, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Irin tumatir yakan tsiro cikin kwana 6 idan zafin ƙasa ya kai digiri 25, amma a digiri 15 yakan ɗauki kimanin kwana 14. Tattasai ya fi haka nawa, domin a digiri 15 yana iya kai kwana 25. Ke nan sanyin daren Disamba da Janairu yana tsawaita kwanakin da irin zai yi a cikin wannan sashe na ƙasa mai saurin bushewa. Bugu da ƙari, saiwar da ke cikin ƙasa mai sanyi ba ta tsotson ruwa da sauri. Da hantsi iska ta riga ta ɗumama ta fara zuƙar ganye, ƙasa kuwa ba ta gama sakin sanyin dare ba, sai a ga tsiro ya langaɓe a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sanyi da bushewa ke nan suke taruwa a kansa, sai dai bushewar ce ke yin kisan.

Mataki na biyu mai haɗari shi ne ranar dashe. Idan aka tumɓuke iri daga wurin reno, mafi yawan 'yan siraran gashin saiwar da ke tsotson ruwa sukan tsinke su zauna a ƙasa, ganyen kuwa yana nan yadda yake, yana ci gaba da fitar da ruwa. Kafin sababbin saiwoyi su fito akan ɗauki 'yan kwanaki, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne ake samun gurabe a fangali.

3.5 Alamomi da Yadda Ake Rikita su

Alamar farko ta bushewar iska ita ce tsiro ya yi yaushi da rana ya miƙe da yamma ba tare da an ba shi ruwa ba. Daga nan sai gefen ganye ya fara naɗewa sama, bakin ganyen ya bushe ya yi ruwan ƙasa kamar an babbaka shi, sababbin ganyaye kuma su fito ƙanana masu kauri. A albasa kan ganyen ne ke fara bushewa ya gangaro ƙasa. Ƙonewar bakin ganye takan tsananta idan an zuba takin zamani a wurin reno, musamman yuriya, domin ruwa yana bin iska ya bar gishirin takin ya taru a saman ƙasa, daidai inda 'yar saiwar take.

Muhimmin abu shi ne a bambanta wannan yaushi da sauran nau'o'insa, hanyar yin haka kuma mai sauƙi ce, wato a duba wurin reno da sassafe, a kuma tura yatsa cikin ƙasa. In tsiro ya kwana a langaɓe ƙasa kuma ta bushe har ƙasan gaɓar yatsa, to ƙishirwa ce ta gaske, ruwa yake so. In ya tashi a miƙe da safe ƙasa kuma da danshinta, to iska ce, ƙarin ruwa ba zai amfana masa komai ba. In kuwa ƙasa a jiƙe take, tsirran kuma suna faɗuwa gungu-gungu, gindinsu daidai bakin ƙasa ya sirance ya yi baƙi kamar an matse shi da zare, to wannan ciwon ruɓewar gindi ne, wanda wasu ƙwayoyin cuta dangin fumfuna da ke zaune a ƙasa ke haddasawa. Waɗannan ƙwayoyin cuta ba abin da suke so irin ƙasa mai sanyi da ta jiƙe ta yi caɓa-caɓa, ga iri an yafa shi a cunkushe.

A nan ne babban kuskuren yake. Manomi ya ga yaushin rana, ya ɗauka ƙishirwa ce, ya tayar da inji ya cika wurin reno da ruwa da yamma. Ruwan ya kwana cikin sanyi, saiwa ta rasa iskar shaƙa, ciwon ruɓewa ya samu ƙofa. Kashegari yaushi ya ƙaru, sai ya sake ƙara ruwa. Garin neman gira an rasa ido ke nan, kuma a ƙarshe laifin yakan faɗa kan mai sayar da iri. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lokacin da farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, wannan kuskure ya ƙara tsada, domin ruwan da ke kashe irin ma saye aka yi.

Akwai kuma ƙwarin da busasshen yanayi ke yi wa daɗi, kamar jan gizo-gizon da ke saƙa a ƙarƙashin ganyen tumatir, da 'yan mitsi-mitsin ƙwarin da ke kankare ganyen albasa su bar shi da fari-fari. Waɗannan sun fi yawaita idan zafi ya fara shigowa daga watan Fabrairu.

3.6 Dabarun Kare Wurin Reno

Tun da matsalar ta iska ce, maganinta shi ne a canza iskar da ke kewaye da tsiron. Ba mai iya jiƙa hunturu gaba ɗaya, amma wurin reno ɗan fili ne da bai wuce taku kaɗan ba, ana kuma iya yi masa nasa yanayin. Abin sha'awa shi ne, akasarin dabarun da kimiyya ta tabbatar tsofaffin masu garka sun daɗe suna yin su, ko da ba su yi musu irin wannan bayani ba.

Dannin kara ko zana da ake kewaye garka da shi ana ɗaukarsa a matsayin kariya daga awaki, amma aikinsa ya wuce haka. Yana karya ƙarfin iska, ya bar mayafin danshin nan ya zauna a kan ganye. Kariyar shinge takan kai nisan da ya ninka tsayinsa wajen sau goma, don haka dannin da ya kai tsayin mutum ya wadatar da wurin reno. Tun da iskar daga arewa maso gabas take zuwa, ɓangaren arewa da na gabas su ne suka fi bukatar a tsare. Shingen da iska ke ɗan ratsawa, irin zanar gamba, ya fi katangar da ta toshe ruf, domin iska takan haura katanga ta faɗo da ƙarfi a bayanta tana juyawa.

Rufe wurin reno da busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa bayan an yafa iri yana hana saman ƙasa bushewa da yin ɓawo, yana kuma riƙe ɗumin rana zuwa dare. Sai dai wajibi ne a ɗage ciyawar da zarar iri ya fara hudowa. In aka yi jinkirin ko da kwana biyu, tsirran za su yi tsawo su yi fari su rasa ƙarfi, ranar da aka buɗe su kuma iska ta kwantar da su gaba ɗaya. Bayan an ɗage, sai a mayar da ita sama a matsayin 'yar rumfa mai tsayin gwiwa zuwa ƙugu, a shimfiɗa ta sama-sama yadda haske zai riƙa ratsowa. Rumfar tana rage zafin ganye, kuma kamar yadda lissafin da ya gabata ya nuna, duk digirin da aka rage an rage ƙishirwar iska ke nan. Wajen ban ruwa kuwa, garwa mai rariya a baki ta fi sakin ruwa ta kwalbati. An fi so a bayar da safe bayan rana ta ɗan ɗaga, in ya so a ɗan yayyafa wa ganye da ƙasar da ke kewaye idan rana ta take, a bar saman ƙasa ya tsane kafin dare.

Akwai masu yin reno a cikin gida, a tsofaffin robobi da buhuna da kwanduna. Rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan Zamfara tun wajen 2011, wanda Tsafe da Bunguɗu da karkarar Gusau suka ɗanɗana, ya ƙara wa wannan hanya muhimmanci, domin reno yana son a leƙa shi safe da yamma, zuwa fadama mai nisa kuma ba kullum yake yiwuwa ba. Katangar gida tana tare iska, wannan fa'ida ce. Amma ƙasar da ke cikin roba kaɗan ce, takan bushe da sauri fiye da ta fili, kuma dole a huda gindin robar. Sanya irin a cikin ɗaki kuwa ba ya raba shi da bushewa, domin iskar ɗaki ta waje ce ta shigo, in rufin kwano ya ɗumama ta ma laimarta ƙara faɗuwa take yi. Ga kuma ƙarancin haske da ke sa tsiro ya miƙe ya sirance yana neman taga. Gindin katanga a tsakar gida, inda rana ke samu da safe inuwa ta rufe da azahar, ya fi ɗaki nesa ba kusa ba.

Dabarar da ta fi kowace riƙe laima ita ce rufe tsiro da abin da haske ke ratsawa amma tururi ba ya fita. Wani likita a birnin Landan mai suna Nathaniel Ward ya lura da haka a 1829, sa'ad da ya ga tsiro ya rayu a cikin rufaffiyar kwalba ba tare da ban ruwa ba, a 1833 kuma ya aika da tsirrai a akwatunan gilashi har Ostireliya ta jirgin ruwa suka isa da ransu. Farar leda tana yin wannan aiki, shi ya sa masu aure itatuwa irin su mangwaro ke naɗe wurin da suka haɗa da ita. To amma a yanayin Gusau ledar takobi ce mai kaifi biyu. Roba da aka rufe da leda aka bari a rana tana iya dafa irin cikin sa'a guda. Amfaninta yana tsayawa ne ga kwanakin da iri bai huda ba, a inuwa, tare da buɗewa kullum domin iska ta shiga.

3.7 Inda Bushewar Iska ke da Amfani

Ba daidai ba ne a ɗauki hunturu a matsayin abokin gaba ta kowace fuska. Cututtukan ganye da ke hana tumatirin damina sakat suna bukatar ganye ya daɗe a jiƙe kafin su kama, busasshiyar iska kuwa ba ta ba su wannan dama, wannan ma yana cikin dalilan da suka sa tumatirin rani ya fi na damina albarka a ƙasar Hausa. Ita ce kuma ke busar da yankakken tumatirin da ake shanyawa idan kasuwa ta faɗi.

Ko shi ɗan tsiron, kariyar da ake ba shi ta ɗan lokaci ce, domin fangalin da za a kai shi ba rumfa. Irin da aka rena cikin laima da inuwa har ranar dashe yakan fito da faffaɗan ganye mai laushi, wanda ƙofofinsa ba su saba tsukewa da sauri ba, kuma shi ne ke fara zubewa. Saboda haka idan ya rage mako guda ko kwana goma a yi dashe, akan riƙa rage ciyawar rumfa kaɗan-kaɗan har a cire ta, a kuma rage yawan ruwa ba tare da an bar tsiron ya kwana a langaɓe ba. Tumatir yakan isa dashe a mako huɗu zuwa biyar, lokacin da ya yi ganye huɗu ko biyar, albasa kuwa sai ta kai mako shida zuwa takwas. A ranar dashe akan jiƙa wurin reno sosai tukuna, domin irin ya fito da ƙasa a jikin saiwarsa, a ajiye shi a inuwa a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, a kuma jira sai bayan la'asar. Wanda aka dasa a wannan lokaci yana da dare guda cur na sanyi da ƙarancin ƙishirwar iska kafin ya haɗu da ranar farko. Masu albasa sukan ƙara da datse kan ganyen kafin su dasa, wanda hakan ke rage faɗin da ruwa zai bi ya fita kafin sabuwar saiwa ta kama ƙasa.